Iskar da Muka Gudo Daga Fatakwal

Fatakwal

Ƙarfe biyar saura kwata na asuba muka bar bariki, ni da yayana Danladi, ruwa yana ta zuba. Soja ne, kofur. Wata bakwai ƙirjinsa yana fito kamar usur. Da na zo ɗaukarsa na ga dalili: bangon ɗakinsa baƙi ƙirin da fumfuna, takalmansa har gemu suka yi. Likita ya ce ƙurar fumfuna ce ke yawo a iska, kuma a ƙasa mai laima irin wannan ba ta ƙarewa.

"Kai shi gida, inda iska ta fi bushewa. Wata ɗaya na ba shi. In bai warware ba, sai dai ya ajiye kaki."

Na buga wa Mama waya ta shagon maƙwabcinmu. Kati yana ƙarewa, sai na gajarta: "Likita ya ce iska ce." Har yau ina cizon yatsa kan wannan gajartawar.

Lakwaja

Shingen jami'an tsaro goma sha ɗaya na ƙirga kafin Anacha, daga nan na gaji. Biyar da rabi na yamma muka sauka Lakwaja, muka kama ɗaki kusa da tasha. Katifar tana warin laima. Yaya ya ci doya loma uku, ya kwana a zaune.

Kwantagora

Washegari muka bi ta Minna da Tegina. Tun daga Tegina rana ta buɗe, gumi ya fara bushewa a jiki. Ƙarfe uku, a tashar Kwantagora, Yaya ya cinye tuwo malmala biyu.

"Soja, kai ne mara lafiyar?" in ji direba.

"Ni ma nemansa nake," ya ce, har da dariya. Na kasa kunne a bayansa, ban ji usur ba. Nan na saki jiki, ni wawa.

Zuru

Hanyar Rijau duk ramuka da taɓo, ashe damina ba ta sallami gida ba. Shida da kwata muka isa unguwarmu, Rikoto. Mama ta ja mu har ƙuryar ɗakin da ake ajiye dawa. Ta kwashe buhuna, ta toshe taga da kwali da tsumma, an zo an yi addu'a. Warin fumfuna ya mare ni tun daga ƙofa. Gindin bangon kore shar.

"Mama, me ya sa nan?"

"Ba kai ka ce iska ta ba? Wanga ɗaki, ko aljanin wa aka aiko, ba shi da hanyar shiga."

Na buɗe baki, Yaya ya matse mini hannu. "Kwana uku ta yi tana gyara shi. Bar ta."

Da safe usur ya dawo, ya fi na Fatakwal. Sai da ya kwana huɗu a ciki kafin ya yarda na fitar da shi baranda, kuma daga nan ƙirjin bai sake sakinsa ba. Wata ya cika, ya ajiye kaki. Yanzu ko kunya ɗaya ba ya iya nomewa sai ya tsaya.

Mun gode Allah da ya kawo mu gida, na gode wa direban da ya sa shi dariya. Mama har yau cewa take iskar ta riga mu isowa. Ban taɓa musa mata ba.