Jan Biro da Bugu Biyar

Kawuna ya yi shekara talatin da biyu yana gyaran kura-kurai a maɗaba'a, har abokan aiki suka laƙaba masa Jan Biro. Burinsa ɗaya a duniya shi ne ya karanta wani tsohon littafin labari mai kauri da wuyar fahimta, wanda masana ke yabo, amma sai ya samu bugun da babu kuskure.

Bugu biyar ya tara a saman kabad. Ɗaya rubutunsa ƙanana kamar tururuwa. Ɗaya an taƙaita shi, Kawu ya ce an yi wa marubucin fashi. Wani kuma sharhin ƙasan shafi ya fi labarin yawa. Kowanne ya buɗe, da biro a hannu, ba ya ganin mutanen cikin labarin, sai waƙafin da ya ɓace da harafin da ya juye. Da ya kama kuskure na goma sai ya yi tsaki ya rufe. Bai taɓa wuce shafi na arba'in ba.

Na sha ce masa, "Kawu, don Allah ka ajiye biron nan ka karanta kawai!"

Sai ya ce, "Ke ba ki san aiki ba."

Yanzu yanar ido ta rufe masa gani. Jiya da hantsi na ce ya zaɓi bugun da zan karanta masa. Ya ɗaga kai wajen kabad.

"Ɗauko kowanne, 'yata. A bakinki duk ɗaya ne."

Na ɗauko ɗaya, na buɗe shafi na arba'in da ɗaya, babu ko ɗigon ja a jikinsa. Saura shafi ɗari tara. Ban gama biyu ba barci ya ɗauke shi, yatsunsa suna laluben biro.