Abin da Goggo Ta Rubuta da Fensir

Ƙarfe bakwai da rabi take isowa, kafin mai shara ya gama da baranda. Takan tura jakarta ƙarƙashin tebur, ta buɗe taga ɗaya ta bar ɗayar a rufe don kada iska ta watsa mata takardu, ta fiƙe fensir biyu, sannan ta jawo durowa. Shekara talatin da huɗu ke nan tana haka, a ɗakin ƙarshe na wata 'yar cibiyar nazarin harsuna, ɗakin da baƙi suke zaton sito ne. A takardar ɗaukarta aiki an rubuta "mai buga tafireta". A bakin jama'a kuwa, tun daga mai gadi har shugaba, Goggo Mai Kati ce. Ƙarshen watan nan za ta yi ritaya, kuma bai kamata ta fita ƙofar nan shiru kamar yadda ta saba shigowa ba.

Tun kafin a ɗauke ta cibiyar take haɗa ƙamus na Turanci zuwa Hausa. Ba don masana ake yin sa ba. Don mai takardar magani a hannu ne, da mai cike fom, da wanda ya sayi inji aka haɗo masa da littafin da ba ya ganewa. Shugabanni biyar sun zo sun wuce, malamai sun sami ƙarin girma sun tafi, aikin ya tsaya ya tashi ya sake tsayawa. Goggo ce kaɗai ba ta motsa ba. Kowace ma'ana da katinta: a gaba jimlar Turanci da fassararta, da alƙalamin tawada, kamar yadda shugaba na farko ya tsara. Ita kuma ta ɗora wa kanta wata doka da ba wanda ya sa ta. Ba ta rubuta jimlar da ba ta ji ta a bakin mai sana'a ba, ko ta gan ta da idonta a takardar da wani yake aiki da ita. A bayan katin sai ta rubuta wa ya ba ta, a ina, ran da aka yi mene ne. Da fensir take rubuta wannan, don a lokacin tana yarinya mai tsoron faɗa; idan an ce ta ɓata kati sai ta goge.

Yawancin kalmomi kati biyu ko uku suke ci. Amma akwai wani aikatau guda na Turanci, wato "take", da ya cinye durowa sukutum, kati ɗari uku da goma sha biyu. Duk wanda ya taɓa zama kusa da teburinta ya ji labarinsa. Takan ce Bature da wannan kalma ɗaya yake shan magani, ya hau mota, ya ɗauki hoto, ya auna zafin jiki, ya kai yara makaranta, ya karɓi shawara, ya sami wuri ya zauna. Mu kuwa a Hausa kowanne da kalmarsa, don haka wanda aka koya wa "ɗauka" kawai aka sallame shi, an cuce shi. Takan ƙara da abin da shugaba na farko ya gaya mata, cewa kalmar ma ba 'yar gida ba ce a Turanci. Wasu masu jiragen ruwa daga can arewacin Turai suka zo da ita, kusan shekara dubu da ta wuce, ta zauna ta miƙe ƙafa har ta ture tsohuwar kalmar da masu Turanci suke da ita, wato "niman", aka manta da ita. Mijin Goggo, tsohon direba mai bakin barkwanci, tun da ya ji wannan ya sa wa kalmar suna Baƙon Goggo. Yakan ce baƙon da ya kori mai gida a ƙasar wasu, shi ne yake neman korar sa daga tebur ɗin cin abinci.

Wata uku da suka wuce, a ƙarshen mako, aka yi ruwa mai ƙarfi, silin ɗin ɗakin ya ɓule daidai kan kabad. Ranar Litinin da ta jawo durowar kalmar "take", ruwa ne ya fara zubo mata a ƙafa. Ta ɗauko katunan ɗaya bayan ɗaya tana ɓamɓarewa, ta shimfiɗa su a baranda. Tawadar ta narke gaba ɗaya, gaban kowane kati ya koma shuɗi kamar an rina shi.

Shugaban yanzu mutum ne mai kirki, amma yana da agogo a gabansa. Masu maɗaba'a sun ba da kwana arba'in. Idan aka wuce, injinsu zai koma kan littattafan makaranta sai baɗi, lokacin Goggo ta bar aiki, kuma babu tabbacin za a sake samun dama. Ya ce mata a hankali, a buɗe ɗaya daga cikin manyan ƙamusoshin da ke kan kanta a kwafo layi uku, ɗauka, karɓa, kai, a wuce wurin. Ba wanda zai lura.

Goggo tana durƙushe tana juya katuna don bayansu ya sha rana. A nan ta ga abin da ba ta yi tsammani ba. Ruwa bai taɓa fensir ba. Rubutun bayan yana nan raɗau, kati bayan kati.

"Ranka ya daɗe," ta ce, "jimlolin sun tafi, amma masu su suna nan. Ka ba ni kwana arba'in ɗin."

Washegari mijinta ya tayar da tsohuwar motarsa yana mita, wai ya yi ritaya daga tuƙa mutane, ga shi ya koma tuƙa Baƙon Goggo. Ta tsara katunan unguwa-unguwa, ta ɗaure kowane kashi da roba. Farkon wanda suka je wa bakanike ne, wanda yanzu furfura ta cika masa gemu. Da ta gaya masa abin da ya kawo ta, ya yi dariya har ya dafa mota.

"Haba Goggo, shekara ashirin? Ni da ban tuna inda na ajiye sifana ɗazu ba."

Sai ta karanta masa bayan katin: bakanike, littafin injin ban-ruwa, ranar da jak ya zame masa ya zauna a cikin baƙin mai. Dariyar ta tsaya, ta dawo sabuwa. Ya shiga can ƙuryar gareji ya yi ta yaye tarkace, ya fito da littafin, baƙi ƙirin, bangonsa ya rabu. Kati goma sha ɗaya suka dawo daga cikinsa a zama ɗaya.

Haka ta yi ta bi. Nas ɗin da ta ba ta jimlar auna zafin jiki tana sabuwar ɗauka, yanzu ita ce babba a ɗakin haihuwa. Ta ajiye Goggo a kujerarta, ta tara na ƙasa da ita kowa ya kawo abin da yake gani a takardun aiki. Mai hoto ya rasu, amma 'yarsa ce take riƙe da shagon, kuma allon da Goggo ta kwafa yana nan a bango, ya koɗe. Tela ta tuna da kanta, har ta gyara mata fassarar da ta ce tun wancan lokacin ba ta kwanta mata ba. Ba wanda ya rufe mata ƙofa, kuma ba abin mamaki ba ne. Duk shekarun nan ba ta taɓa karɓar jimla a wurin mutum ta juya masa baya ba. Idan ya yi ciwo ta je, idan an yi masa rashi ta je. Mijinta ma bai tsira ba: katuna bakwai nasa ne, na bin hagu da bin dama da ɗaukar fasinja, sai da ta tsare shi a mota ya maimaita su.

Ba duka aka samu ba. Kati talatin da wani abu masu su sun ƙaura ko sun rasu ba su bar takarda ba. Waɗannan ta ajiye su gefe, ba ta cike su da ka ba. A madadinsu sai ga sababbi, daga matasan gareji da na asibiti, irin jimlolin da ake gani a waya, waɗanda babu su sanda ta fara.

Kati ɗaya ne ya hana ta sukuni. Shi ne na farko da ta taɓa rubutawa a durowar, a bayansa kalma uku: Inna, takardar magani. Tana ƙarama mahaifiyarta ta dawo daga asibiti da takarda, ta shiga gida uku tana neman wanda zai karanta mata, tana ba da haƙuri a kowace ƙofa. Goggo tana biye da ita riƙe da gefen mayafinta. Wannan jimla ta san ta kamar sunanta. Mijinta ya ce to ta rubuta mana, wa zai tuhume ta a kan maganar mahaifiyarta?

"Idan na yi wa Inna da ka," ta ce, "me zan ce wa waɗancan talatin ɗin?"

Ta aika wa yayanta, wanda kayan marigayiyar suke hannunsa. Ya ce ya duba bai gani ba. Ta sake aikawa. Ranar kwana talatin da tara, da hantsi, sai ga shi a ƙofar ɗakin ƙarshe, yana dogara sanda, da wani tsohon gwangwanin alawa a hammata. Ya ce shi dai ƙanwar nan tasa tun tana goye ba ta san a ce mata babu ba. A ƙarƙashin maɓallai da zare takardar take, an ninke ta huɗu, ta yi ja. Goggo ta goge tabarau, ta kwafe jimlar harafi bayan harafi, kamar ba ta taɓa ganin ta ba.

Goggo, ke ce kika ɗauki aikin da aka ba ki don ki buga, kika riƙe shi kamar amana. Ke ce mai fensir biyu, wadda ba ta ƙarya ko a kan layi ɗaya da ba wanda zai bincika. Kin koya wa masu digiri a ginin nan, ba tare da kin ɗaga murya ba, cewa kalma tana da masu ita, kuma ana gaishe su.

Makon jiya maɗaba'a ta aiko da gwajin bugu. Kalmar "take" ta ci shafi huɗu. Shugaba ya so a sa sunan Goggo a bango. Ta ce idan akwai wuri, a fara da bakanike da nas da tela da mai hoto. An sa su duka, ita ce a ƙarshe, don ta ƙi yarda da wani wurin.

Mun gode, Goggo. Allah ya ba ki hutu mai daɗi, ya bar miki idonki da Direbanki. Mu kuma da muka rage, kowa yana da 'yar durowarsa a inda yake aiki. Mu cika ta da gaskiya, mu riƙa tuna wanda ya ba mu abin da ke ciki, mu je mu gaishe shi tun ba mu da bukata.

Wanda littafin ya zo hannunsa, ya buɗe wajen kalmar "take". Misali na farko a shafin, jimlar da ke cewa a sha ƙwaya ɗaya safe da yamma, ta Inna ce. Ba sai ta sake shiga gida uku ba.