Layin da na yanka da katin Baba mai garka

Shekarar da aka rufe ramin haƙar ma'adinai na Akokan, wayata ta ɓace a tasha. Na je yankar sabon layi, mai shagon ya jujjuya katin shaidata ya ce wa'adinsa ya ƙare. Sabuntawa sai da takardar haihuwa, ita kuwa tana Damagaram a ƙasan akwatin tsohuwata.

A unguwarmu wannan ba abin tada hankali ba ne. Wanda ba shi da kati ya ari na maƙwabci, yadda mata ke aron turmi. Na je wajen maƙwabcina, wani dattijo Buzu mai garka, wato lambu, a bayan gari, kowa Baba yake ce masa. Ya zaro katin daga jakar fatar da ke rataye a wuyansa ya miƙo mini, ko me zan yi da shi bai tambaya ba.

Ni mutum ne mai baki, ban taɓa musun haka ba. A lokacin ko'ina ka zauna maganar ɗaya ce: an ba hukuma ikon sauraron wayoyin mutane, ana kuma ta sauya alƙalai daga sama. Mu tsofaffin ma'aikatan rami muna da ƙara a kan ciwon ƙirjin da muka kwaso, sai ga shi an ɗauke alƙalin da ya fara sauraronmu an naɗa wani. Ran da ƙanena, mai haƙar zinariya a Tchibarakaten, ya samu rezo, wayarsa ta kama, ya kira ni, na zazzage masa duk abin da ke cikina. Na zagi wanda aka naɗa, na zagi waɗanda suka naɗa shi, na kashe waya na ci tuwona.

Bayan kamar mako biyu, da hantsi, matar Baba ta faɗo gidana ko sallama babu.

"An tafi da shi," ta ce. "Yana ban ruwa mota ta zo. Wai ya zagi hukuma a waya."

Baba! Mutumin da wayarsa ɗaure take da roba, ba ya kiran kowa sai mai sayen tumatir. Nan take na san bakin wane ne.

Kunya ce in faɗa, amma kwana uku na yi ban je na kai kaina ba. Kullum sai in tafi garkarsa in ba albasa ruwa, in dawo ina gaya wa kaina ai da sun ji muryar za su gane ba tasa ba ce. Rana ta huɗu matarsa ta gaishe ni a ƙofar gida, ta yi mini godiyar ban ruwa. Wannan godiyar ce ta kai ni biron alƙali, wato ofishinsa.

Ban samu alƙalin yadda na zata ba. Matashi ne mai sanyin murya, har kujera ya ba ni.

"Ranka ya daɗe, layin nawa ne, muryar ma tawa ce," na ce. "Kati kawai dattijon ya ara mini."

Ya sa aka shigo da Baba. Da na ɗaga kai sai da na zabura. An cire masa rawani. Shekara goma sha wani abu muna maƙwabtaka ban taɓa ganin bakinsa ba, ko shayi ta ƙarƙashin amawalin rawaninsa yake sha. Ga shi yau kai a buɗe, furfura a waje, ya kare bakinsa da tafin hannu. Na sunkuyar da kai.

"Sai mun tabbatar," in ji alƙali, ya danna na'urar da ke kan teburinsa.

Muryata ta cika ɗakin, har da kukan akuyarmu a baya. Hirar da na yi a tsakar gidana, kishingiɗe a tabarma, ita ce nake ji kalma bayan kalma a gaban baƙi. Na ji kaina ina zagi, na ji ƙanena yana cewa, "Yaya, ka yi a hankali, ana saurare fa." Sannan na ji dariyata, da wata magana da wallahi na manta na yi ta:

"Su saurara mana! Layin ba da sunana yake ba. In sun tashi kamu, su je su kama tsohon nan mai garka."

Alƙali ya tsayar da na'urar.

"Tun ranar farko muka kunna masa wannan," ya ce. "Sau uku. Mun tambaye shi ko ya san mai muryar, ya ce shi kunnensa ba ya ji sosai."

Baba da ke jin motsin ɓera a cikin albasa daga bakin rijiya.

Aka sallame shi, ni aka ce in zauna. Na miƙe duk da haka, zan ba shi haƙuri. Ya tsaya a gabana, hannunsa na kan bakinsa har yanzu.

"Ɗana," ya ce a hankali, "ranar farko na ce wasa kake. Ranar biyu ma na ce wasa kake. Jiya ne na fara tunani."