Tsamiyar Hamdiyya a Cikin Kasko

Hamdiyya 'yar Tudun Kaya ce, mai suyar awara a ƙofar gidan haya a Ƙaraye. Ta gama sakandare da burin karanta aikin gona, hali bai yi ba. Aure ya zo, yara huɗu suka biyo baya, burin ya kwanta.

Shekarar da yayyenta maza suka sayar wa masu gawayi da tsamiyar gonar marigayi mahaifinsu, ko shawara ba su yi da ita ba. Ta je ta tarar da kututture. Ta tsinci ƙwallo uku a gindinsa, ɗaya ya tsiro a gwangwanin madara. To ina mai gidan haya za ta dasa tsamiya? Sai wata rana ta gani a waya yadda mutanen Japan ke rainon bishiya a ɗan ƙaramin mazubi, ta tsufa ba ta yi tsawo ba.

Shekara tara Hamdiyya tana wannan aiki. Kowace damina ta ciro shukar, ta rage saiwa da reza, ta mayar cikin kasko. Ta naɗe rassan da jan ƙarfen tsohuwar fanka har suka karkata yadda take so. Tsawonta kamu ɗaya, amma ɓawonta ya yi kaushi irin na uwarta. Maƙwabta suna ta dariya. "Maman Ja'afar, yaushe za mu sha kunun tsamiyar nan?"

Rumasa'u mai ƙawata wuraren biki ce ta fara ganin abin da daraja. Ta roƙi aronta na yini ɗaya, za ta ɗora a teburin manyan baƙi a wata walimar aure. Hamdiyya ta ƙi, ta sake ƙi, a na uku ta yarda. Da hannunta ta shimfiɗa farin yashi a faranti, ta ja masa layi da mataji, ta jera duwatsu uku, ta aje kaskon a tsakiya. Mata suka yi ta ɗaukar hoto.

Kowa dai ya san walimar mata. Ana shafa addu'a, duk abin da ke kan tebur na wadda ta zauna a gabansa ne: kofi, mafici, ragowar cincin. Hamdiyya ta je sallar la'asar, ta dawo ta tarar da yashi da duwatsu uku.

Sai da aka kwana huɗu aka gano cewa Hajjo ce, gwaggon ango, ta tafi da tsamiyar garinsu, Ruwan Bago. Hamdiyya ta hau acaɓa. Ta durƙusa, aka gaisa, aka tambayi yara da gajiyar biki, sannan ta kawo maganar tsamiyar.

"Au, taki ce, 'yar nan?" in ji Hajjo. "Ke kuwa ba kya tsoron Allah? Ki ɗaure bishiya da ƙarfe kamar ɓarawo! Ai tausayinta na ji. Zo ki gani, na 'yanta ta."

A bayan ɗaki, kusa da turken awaki, tsohuwar ta dasa ta, ta zuba mata taki. Ta fizge ƙarfen, rassa biyu sun karye. Awaki sun gama da ganyen, sun bi ɓawon sun saɓule har ƙasa. Abin da ya rage farin tsinke ne. Kaskon kuwa kaji ke shan ruwa a ciki.

Hajjo ta ce, "Bar damuwa, tsamiya ce fa. Ga su can birjik a bakin rafi, in sa jikana Sulle ya tono miki goma."

Me za ka ce wa sa'ar kakarka a cikin gidanta? Hamdiyya ta ce, "Allah ya saka da alheri, Gwaggo." Ta tone tsinken da yatsunta, ta naɗe a gefen mayafi.

Mako shida tana ba shi ruwa safe da yamma. Ko toho ɗaya. Yayyen nan da suka sayar da uwar, babu wanda ya ce mata sannu, ba su ma san me aka rasa ba.

Ranar da ta haƙura ta daina ban ruwan, Rumasa'u ta kira cikin murna. Hotuna sun zagaya, wata amarya a Rogo tana son irin tsamiyar guda ashirin, tebur ashirin, nan da wata ɗaya.

Hamdiyya ta kife wayar a kan benci. Mai ya yi zafi, ta ci gaba da jefa awara.