Layukan Talotalo a Bangon Yaya Idi

Bana shekara bakwai ke nan da muka kai yayana Idi makwancinsa a Gazawa. Mutane sun san shi da kiwon talotalo. Ni kuwa in na tuna shi, bangon zaurensa nake fara gani.

Kowace Juma'a da hantsi yakan rataya sanda a reshen dogon yaro, ya sa talotalo cikin buhu a gefe ɗaya, ya yi ta zuba gero a ɗaya gefen har sandar ta daidaita. Sai ya je bango ya karta layi da ƙusa, tsawonsa gwargwadon nauyin tsuntsun. Mukan yi masa tsiya, mu ce abin da ƙarshensa tukunya ne ake kai wa awo kamar mai ciki. Shi kuwa yakan ce akwai makon da talotalo ke daina mai da dusa nama, daga nan sai ci da baza wutsiya, kuma makon nan yake farauta.

Bai san ko bihim ba, ni ma a lokacin haka nake. Bayan rasuwarsa ne na shiga ajin yaƙi da jahilci, tunda gemu ba ya hana ilimi.

Bana bangon ya tsage. Magini ya ce in ba a sake yaɓe kafin ruwa ya sauka ba, zauren zai faɗi. Yaɓe kuwa zai shafe layukan duka. Na ɗauki littafina, na yi kwana uku ina kwafewa. Kowane rukunin talotalo da jerinsa. A kowane jeri layukan kan fara gajeru, su riƙa tsawo a hankali, sai su yi tsalle, can kuma su tsaya kai ɗaya. Amma wasu jerin sun tsaya da wuri, kuma an yi musu ɗan da'ira a gefe. Na juya abin nan ta ko'ina, ban gane ba.

Hajara, matar marigayin, wadda har yau take riƙe da kiwon, ta same ni na zuba tagumi.

“Kai da ka shiga ajin lakol da furfura, wannan ma ya gagare ka? Rana ce ya zana.”

Ta ce waɗannan su ne waɗanda girmansu ya faɗo cikin bazara. Zafi kan sa su buɗe baki su yi ta haki, su sha ruwa su ƙi ci, sai girman ya tsaya bai kai ba. Shi ya sa Yaya ya koma ba su abinci da asuba da bayan la'asar. Ashe ita ke riƙe masa buhun duk shekarun nan. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Wani malamin dabbobi daga Gidan Rumji ya duba littafin, ya ce masana ma irin wannan lissafin suke yi da na'ura, su faɗi nauyin tsuntsu tun bai kai ba. Ina ma Yaya na kusa ya ji! Na san ba zai yi musu ba. Zai dai gyara zama ya tambaya ko talotalon cikin na'urar ya taɓa wuni ƙarƙashin rufin kwano a tsakiyar bazarar Gazawa.

An yi yaɓen, bango ya koma sumul. Abin da Yaya ya gano yana cikin littafina da kan Hajara. Saura jeri ɗaya mai ɗigo uku a ƙasa, wanda girmansa ya fi na kowane, kuma ita ma Hajara ba ta san me ya ba tsuntsayen suka ci ba. Na kwafe shi yadda yake. Ban ji haushin Yaya ba, don mutumin da ya rayu yana tambaya, tambaya ce gadonsa. Hajara ta ware ƴan tsaki biyar, ta ce mu gwada mu gani ko ma gano sirrin.

Allah ya jiƙan Yaya Idi, ya sa kabarinsa ya yi sanyi.