Kwalabe Huɗu a Ƙarƙashin Dilar Gidan Sauro

Shekara goma sha tara na yi ina riƙe da makullin ɗakin magani a likitar garinmu, wato ɗan asibitinmu, can arewa da Dogon Dutsi, inda kwalta ba ta kai ba. Ni ba malamin jinya ba ne, ban taɓa tsira wa kowa allura ba. Aikina in karɓi kaya idan mota ta kawo, in jera, in miƙa abin da aka rubuta. Ɗakin ƙarami ne, taga ɗaya, kanta uku na ƙarfe, sai wani tsohon kabad da ƙafarsa ɗaya ke kan bulo.

Na san ɗakin nan kamar yunwar cikina. Auduga da bandeji suna can sama saboda gara. Ruwan ƙari yana ƙasa don nauyinsa. Magungunan yara na ruwa ba na yarda su kusanci bangon yamma, don da la'asar bangon nan ko ƙwai ka manna masa sai ya dahu. Damina na kamawa nake jawo maganin zazzaɓi bakin ƙofa, da rani in mai da shi baya in jawo na tari da na ciwon ido. Tsari ne mai kyau, har yau ina faɗa. Aibinsa ɗaya, duk a kaina yake, ko harafi ban rubuta a jikin kanta ba. Kuma ina da zuciya. Mai shara ta taɓa matsar da kwali ɗaya don ta share bayansa, sai da muka yi kwana uku ba ma gaisawa.

Abin da ya fi komai daraja a ɗakin shi ne maganin dafin maciji. Ba kullum ake aiko mana shi ba. Wata shekara an aiko kwalba biyu, na aza su a fili tare da sauran allurai. Sai ga wani babban ma'aikaci daga birni ya biyo rangadi, ya leƙo, ya gani, ya ce a ba shi ya ajiye a gida saboda yaransa na wasa a lambu. Majo na lokacin, wato shugaban likitar, mutum ne mai kunya, ya kasa cewa a'a. Ina tsaye aka sa su a aljihun babbar riga. Ranar ko tuwo ban iya ci ba don takaici, kuma na rantse ba za a sake yi mini haka ba.

Bayan ƴan shekaru aka kawo mana sabuwar majo, yarinya ce sa'ar ƴata ta biyu, haifaffiyar Dogon Dutsi, Hausarta rabi Faransanci. Sati ɗaya da zuwanta ta shigo ɗakin da alƙalami mai kauri da ƴan takardu.

«Baba, mu rubuta suna bisa kowane kanta,» in ji ta. «Wanda kwananshi ya kusa ƙarewa shi zo gaba, sabo shi koma baya. Kuma mu liƙa takarda bisa ƙohwa, kowa shi san inda komi yake.»

Na ce, «Ɗiyata, mai ɗaki shi ya san inda yake mishi yoyo.»

Ta yi dariya. «Gyara kayanka ba sauke mu raba ba ne, Baba. Ran da ba ka nan hwa?»

«Ina za ni? Makka?»

Haka muka yi ta yi. Ta kawo maganar, in ce sai bayan damina. Damina ta wuce, in ce sai an gama kaka. Ba ta son ta yi wa tsoho tsawa a gaban mutane, ni kuwa na san haka, na fake da furfurata.

A farkon kakar nan aka aiko kwalba huɗu, irin na gari wanda ake damawa da ruwan allura, ba ya bukatar firji. Majo ta sa hannu a takarda ta miƙo mini. Ban aza su a kanta ba. Mahaifina manomi ne, kuma idan ya ware damman iri yakan tura su can ƙasan rumbu ya danne da wasu, ko mahaifiyarmu ba ya gaya wa, don kada yunwar bazara ta cinye shukar baɗi. Da wannan tarbiyyar na tashi, abu mai daraja ɓoye shi ake yi. Na naɗe kwalaben a tsumma, na sa a gwangwanin madara, na tura ƙarƙashin dilar gidan sauro da ke kusurwa, inda ƙasa ke da sanyi kuma ba baƙon da zai duba. Da majo ta tambaye ni inda suke, na ce suna hannu mai kyau. Ta girgiza kai ta fita.

Ana cikin kwasar wake aka yi rasuwa a dangin matata, wani ƙauye kusa da Lugu. Bayan sallar asuba na kai wa majo makulli har gida, na hau moto, wato babur. Raina a kwance, ai na bar makulli. Ƙauyen kuwa a cikin kwari yake, waya ba ta kamawa sai an hau tudu.

Abin da ya faru a bayana, a bakin majo da mai shara na ji shi. Da hantsi amalanken jaki ya tsaya a ƙofar likita ɗauke da wata Bafulatana daga rugar da ke gabas da gari. Na san ta, tana kawo nono kasuwa, tana da goyo. Kububuwa ce ta sare ta a hannu tana ɗaga harawa, kwana biyu da suka wuce. Sun fara gwada na gida, saiwa da tofi. Da jini ya fara fita ta dasashinta, mahaifinta ya ɗauko ta.

Majo na ganin ta ta ruga ɗakin magani. Ta san maganin yana ciki, da hannunta ta karɓa. Ta duba cikin allurai, babu. Ta buɗe kabad, ta buɗe firjin rigakafi. Ta kira ungozoma da mai shara, suka dinga sauke kwali ɗaya bayan ɗaya suna zazzagewa a ƙasa. Ta kira wayata ya fi sau ashirin. Ta tura mai moto ya bi ni, ya ɓata hanya a cikin rairayi ya faɗa wani ƙauyen. Dilar gidan sauro kuwa mai shara ta ma zauna a kanta tana buɗe kwalin safar hannu. Da azahar ta gabato majo ta ga zama ba zai yi ba, ta roƙi wani ɗan kasuwa mai motar ɗaukar hatsi ya kai su Dogon Dutsi. Ba ta yi wa mahaifin dogon bayani ba, ta ce su hanzarta kawai. Ba su kai kwalta ba rai ya yi halinsa.

Ni kuwa na dawo da la'asar sakaliya, cikina cike da tuwon gidan makoki. Ina shiga na ga ƙofar ɗakina a buɗe, kaya a warwatse har waje. Kunyar faɗa nake ji, amma abin da ya fara zuwa mini fushi ne. Na ɗaga murya na ce wa ya yi mini wannan ɓarna. Majo tana zaune a ƙasa a tsakiyar kwalayen, ɗankwalinta a kafaɗa. Ba ta tashi ba.

«Ina maganin maciji, Baba?»

Na tsallaka kwali biyu, na tura dilar da gwiwa, na jawo gwangwanin. Duka-duka bai fi numfashi uku ba. Ta dubi gwangwanin, ta dubi kusurwar, sannan ta gaya mini wadda aka kawo da inda ta cika. Ba ta zage ni ba. Da ta zage ni da na fi samun sauƙi.

Washegari da sassafe na zo na tarar da ita tana kwashe kaya. Na ce ta ba ni alƙalamin. Kwana huɗu muka yi. Kowane kanta da sunan abin da ke kansa, mai kusan lalacewa a gaba, sabo a baya. Na gaya mata zancen gara da bangon yamma, ta rubuta har da su. Kayan gaggawa muka ware musu kanta guda daidai ƙofa, aka rubuta da jan alƙalami, aka yanka makulli na biyu. A rana ta uku ta ce mini, wataƙila ko an samu maganin ba zai yi ba, kwana biyu ga dafin kububuwa ba kaɗan ba ne. Na san don ta sanyaya mini ta faɗa, kuma mai yiwuwa gaskiya ne. Amma ni ba ni da hurumin jingina da wataƙila, tunda ni na hana a gwada.

Bayan sadakar bakwai mahaifin ya zo. Dogon tsoho ne siriri, shekara da shekaru yana zuwa karɓar maganin ciwon gwiwa a hannuna. Ya tuɓe takalmi a bakin baranda, ya ajiye ƙwaryar nono, ya ce ya zo godiya ne, an gaya masa yadda ma'aikata suka yi ta wahala a kan ɗiyarsa.

«Kun yi iyakar yinku, malam,» ya ce. «Abin da babu, babu.»

Majo tana bakin ƙofarta, ta sunkuyar da kai. Da na yi shiru da ya tafi da wannan, kuma ba mai gaya masa har abada.

«Akwai shi, Baffa,» na ce. «Ni na ɓoye shi. Ba su san wurin ba, ni kuma ba ni nan.»

Bai tambaye ni dalili ba. Sai ya ce in nuna masa. Na shigar da shi ɗakin, wanda ban taɓa barin wani mai jinya ya taka ba, na ɗauko kwalba ɗaya daga sabon kantan na sa masa a tafin hannu. Ba ta kai babban yatsansa tsawo ba. Ya juya ta, ya ɗaga ta wajen taga yana duban ɗan farin garin da ke ciki.

«Ɗan wannan?»

«Shi ne, Baffa.»

Ya mai da kwalbar da kansa inda na ɗauko ta, ya gyara mata zama kusa da sauran ukun.

«Yanzu kowa ya san wurinshi?»

«Kowa ya sani.»

«To,» ya ce, yana laluben sandarsa. «Ƙannenta biyu na can cikin harawar, ba mu ƙare kwasa ba.»