Godiyar da Ta Hana Rifkatu Komawa Asibiti

Shekara huɗu ke nan da muka binne ƙanwata Rifkatu a Kakau. Har yau idan na ji wani ya ce "ai ta riga ta warke", sai raina ya ɓaci.

Tela ce a unguwar Television. Lokacin korona ta kwanta a asibiti da tari da zazzaɓi, bayan mako biyu ta miƙe. Ranar Lahadi muka raka ta gaban coci da rawa, da kaza da kwanon shinkafa, ta yi godiya. Kwana goma bayan haka ta ce mini, "Yaya, ƙafata ba ta jin fedar keken ɗinki." Washegari takalmi ya zame mata ba ta sani ba.

Na ce mu koma asibiti. Kawu Bitrus, ƙanen babanmu, wanda ko takardar magani ba ya iya karantawa amma ya fi kowa sanin nufin Allah, ya daka mini tsawa: "Wadda ta yi godiya a gaban jama'a za ta koma wa likita? So kake a ce mun yi wa Ubangiji ƙarya?" Dattawan gida suka gyaɗa kai kamar ƙadangaru, aka ɗora mata azumi. Kwana tara ana waƙa a kanta, shanyewar tana hawa daga gwiwa zuwa ƙugu.

Sai da numfashi ya fara gagararta na ɗauke ta. Likita ya ce ƙwayar cutar ta daɗe da tafiya, garkuwar jikinta ce ta gama yaƙi ta juya kan jijiyoyinta. Ya ce da mun kawo ta tun abin yana ƙafa, akwai abin yi. Mu kuwa sai da ya kai ƙirji.

Kawu yana nan garau. Bara mura ta ɗan taɓa shi, ya sa aka garzaya da shi asibiti a Barnawa, har yana roƙon a ɗauki hoton ƙirjinsa. Wanzami ba ya son jarfa. Da Rifkatu ta gani, dariya za ta yi har da hawaye, ta ce, "Kawu, ina azumin?" Ni na raina shi, ban kuma ɓoye ba.

Amma laifi tudu ne. Motata tana ƙofar gida duk kwana taran nan, makullin yana aljihuna, kunyar Kawu kawai na ji.

Kekenta yana falona yanzu. Rigar da ta fara ɗinka mini tana ƙarƙashin allura, hannu ɗaya babu. Matata ta ce a kai wa wani tela ya ƙarasa. Na hana.